Yadda Ake Duba da Gyara Ƙaramar Tsagewar Gilashin Mota Kafin Jarrabawar Tuƙi

Duk sanda jarrabawar farmi, wato lasisin tuƙi, ta matso, ba a rasa ɗalibin da zai ja ni gefe ya ce, "Malam, tsakuwa ta ɓantari gilashin gaba, anya za a bar mu mu hau motar nan?" Amsar ita ce, ɗan tabon da yake nesa da idon direba, kuma ba ya tafiya, ba ya hana kowa jarrabawa. Amma wanda ya zauna daidai gaban sitiyari, ko doguwar tsaga, ko wadda ta kai gefen gilashi, zai iya sa jami'i ya ƙi shiga motar, kuma da gaskiyarsa, domin doka ta ce gilashin gaba ya bar direba ya ga hanya tas ba tare da ya murguɗa masa abin da yake kallo ba. Wurin da tabon yake ya fi girmansa nauyi.

A nan Garwa ta Kamaru, haka ma Marwa da Ngaundere, yawanci motar makarantar tuƙi ake hawa ranar gwaji, don haka nauyin shirya ta yana kan mai makaranta da malamansa. Sai dai kai ɗalibi kai ne za ka zauna bayan gilashin, kuma Ma'aikatar Sufuri zango-zango take shirya jarrabawa, in wannan ya wuce ka sai ka jira na gaba. Aikin da zan bayyana ɗaya ne, ko a motar makaranta, ko ta gida da kake atisaye da ita, ko wadda za ka kai bizit, wato binciken lafiyar mota.

Kayan aiki

- Kwalin gyaran gilashi. A ciki akwai 'yar kwalbar rezin, wato ruwan da ke cike tsagar, da wata ƙafa mai robobi masu kama gilashi, da bututu mai ɗauri, da abin matsa shi, da 'yan ledoji masu kauri, da reza. Akwai kuma wani iri mai sirinji. Ana samu a wasu shagunan kayan mota, in babu sai ka ba masu zuwa Yawunde, Duwala ko Yola saƙo. Ka ɗaga kwalbar ka duba kafin ka biya: rezin da ya yi kauri ko ya koma rawaya ya sha zafin shago, ba zai shiga tsaga ba.
- Rula, da farar takarda irin ta fotokofi, da tsabar sefa 100.
- Salatif mai garai, wanda ake gani ta cikinsa.
- Allura ko fil.
- Busasshen tsumma marar gashi, da ɗan sifirit daga kantin magani.
- Tocila da alƙalamin maka.
- Inuwa mai kauri. Wannan ma kayan aiki ne.

Abu guda kawai kake bukatar sani game da gilashin kansa. Na gaba falle biyu ne, da siririyar leda a tsakani wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Shi ya sa ba ya wargajewa kamar na ƙofa. Tsakuwa galibi fallen waje kaɗai take fasawa, iska ta shiga tsagar, kuma iskar nan ce kake gani baƙi-baƙi ko tana ƙyalli. Gyaran duka shi ne a kori iskar, rezin ya maye gurbinta, hasken rana ya daskarar da shi.

1. Rufe tabon nan take

Da ka ji "ƙas" a hanya, ko bayan tifar yashi ne a gadar Binuwai, ko bayan motocin siminti a hanyar Figil, ka nemi wuri ka tsaya. Goge kewayen tabon da busasshen tsumma, ka manna salatif falle ɗaya ta waje. Salatif ba ya hana tsaga tafiya, ƙura da ruwa yake hanawa shiga. A lokacin hunturu kwana biyu sun isa ƙura ta cika ramin, kuma ƙurar da ta shige ciki ba ta fita, ko an gyara za ta bar dusu-dusu har abada.

Daga wannan lokacin har a gama gyara, kada a wanke motar da rana, kada a buɗe kilim, wato na'urar sanyaya mota, da ƙarfi a kan gilashi, a ajiye ta a inuwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, gilashin motar da ta yini a rana ba ya taɓuwa da hannu. Yaron wanki ya zo ya sheƙa masa bokitin ruwan sanyi, sai ka ga ɗan tabon da bai kai ƙwayar dawa ba ya ja layi har ɗaya gefen kana tsaye. 

2. Auna girmansa, ka gano inda ya faɗa

Nan ne ake yanke hukunci, saboda haka kada ka yi gaggawa. Zauna a kujerar direba yadda za ka zauna ranar gwaji, ka gyara ta daidai tsayinka. Wani ya tsaya a waje da takardar fotokofi, ya kwantar da ita a kan gilashi ta tsawonta, tsakiyarta daidai tsakiyar sitiyari. Faɗin nan, daga sama zuwa ƙasa iyakar inda waifa ke sharewa, shi ne gaban idon direba.

Wannan awon daga Ingila na aro shi. A dokarsu ta binciken mota, an ware santimita 29 a gaban sitiyari, tabon da ya wuce milimita 10 a cikinsa na iya sa motar ta faɗi, a sauran wurin da waifa ke sharewa kuma iyakar milimita 40 ce. Wanda ya kai motar da ba ta cika sharaɗi ba wurin gwajin tuƙi a can, ana soke gwajin, kuɗinsa kuma sun tafi. Dokarsu ce, ba tamu ba, kada ka je kana karanta wa jami'in Garwa ita. Na riƙe ta ne don tana da sauƙin awo, kuma motar da ta cika ta, da wuya wani ya ɗaga mata gira a nan.

In ka auna, ka haɗa har da ƙafafun tsagar, ba ramin tsakiya kaɗai ba. Mutane da yawa suna auna ɗan farin ɗigon su ce ai ƙarami ne, alhali siraran ƙafafu sun miƙe ta ko'ina. Haska tocila ta gefe, ba ta gaba ba, za su fito fili. Sai ka ɗora tsabar sefa 100 a kai. Ta rufe shi duka, har ƙafafun? To yana cikin abin da kwalin gida zai iya.

Sannan ka duba nisansa da gefe. Duk abin da ke ƙasa da yatsu uku daga baƙin layin da ya kewaye gilashi, ka cire rai da shi. Gefen ne ke ɗauke da murɗawar jikin mota duk sanda taya ta faɗa rami. Tsagar da ta kai can kamar yadi ne da tela ya ɗan datsi bakinsa da almakashi, ja kaɗan ya rage ya yage har ƙarshe.

3. Duba ko yana tafiya, ko ya ratsa ciki

Ɗiga maka ta cikin mota daidai ƙarshen kowace ƙafa. Ka yi zirga-zirgarka ta yini guda, washegari ka duba. Ƙafa ta wuce ɗigon, tsagar tana da rai. Sannan ka bi wurin da farce ta ciki. In farcenka ya maƙale, fallen ciki ma ya fashe, rezin ba shi da abin yi a nan.

4. Yanke shawara

Ana gyarawa in tsabar kuɗi ta rufe tabon, yana nesa da gefe, fallen waje kaɗai ya taɓa, kuma ba ya gaban idon direba. In yana gaban ido amma bai kai santimita ɗaya ba, ni ina gyarawa, sai dai ka sani ko gyaran ya yi kyau zai bar ɗan alama. Ya wuce haka a gaban ido, a canja gilashi kawai. Haka ma tsagar da ta fi tsawon yatsa, ko tabo uku huɗu a warwatse, ko wanda ya faɗa gaban kyamarar da ke bayan madubi a sababbin motoci.

Wannan shawarar a yanke ta mako guda kafin jarrabawa, ba jajibiri ba. Gyara kan ƙi, tsaga kan tashi a tsakiyar aiki, ka bar wa kanka kwanakin neman gilashi.

5. Zaɓi lokaci da wuri

Rezin hasken rana ne ke daskarar da shi, don haka duk aikin zubawa a inuwa ake yin sa. Lokacin da ya fi shi ne da safe, bayan gari ya waye kafin rana ta yi zafi. Taɓa gilashin da bayan hannu, in ka ji ɗumi sosai ka jira. Rumfa ta fi gindin darbejiya, domin rana na ratsa ganye ta sauka ɗigo-ɗigo, kuma ɗigo guda a kan bututun ya isa ya daskarar da bakin ramin alhali cikinsa fanko ne. In itacen kaɗai gare ka, rufa kwali a saman wurin. Da damina ka tabbata babu raɓa ko ruwa a cikin tsagar. Motar da ruwa ya doka jiya, a bar ta ta sha hantsi kaɗan ta bushe, a mayar da ita inuwa ta huce tukuna.

6. Share ramin

Cire salatif. Da bakin allura ka tsince ɓarɓashin gilashin da ke cikin ramin, a hankali, ba haƙa za ka yi ba. Kada ka hura da baki, numfashi na da danshi. Jiƙa tsumma da sifirit ka goge kewaye inda robobi za su kama, amma kada ka zuba komai cikin ramin kansa, ba ruwa, ba sabulu, ba fetur.

7. Kafa ƙafar, ka tura rezin

Manna ƙafar nan mai robobi yadda zobenta na tsakiya zai zauna daidai saman ramin. Shiga mota ka leƙa ta ciki ka tabbatar, domin ta waje ido na ruɗi. Ɗaura bututun a cikin zoben har bakin robarsa ya zauna a kan gilashi. Ya zauna kawai, kada ka danne. Nan ne sababbin hannu suka fi ɓata aiki: suna ɗaurewa tamau don kada rezin ya zube, matsin kuma ya rufe ƙafafun tsagar, ko ya tura su gaba. In ka ga wata ƙafa ta ƙara tsawo kana ɗauri, sassauta nan da nan.

Ɗiga rezin cikin bututun, ɗigo huɗu zuwa shida. Ɗaura abin matsin a hankali har ka ji ya fara turjewa, ka bar shi kamar minti biyar. Koma ciki da tocila ka kalli tabon ta karkace. Za ka ga baƙin yana ja da baya daga tsakiya zuwa ƙarshen ƙafafu, wurin da rezin ya kai yana komawa garai. Sai ka warware abin matsin gaba ɗaya iskar da aka koro ta fita, ka sake ɗaurawa. Haka za ka yi ta yi, matsi da saki, har baƙin ya ɓace. Tabo mai zagaye kan cika a zagaye biyu. Mai ƙafafu kamar tauraro ya fi taurin kai, wani sai an yi sau biyar ko fiye.

In ƙafa guda ta ƙi cika, sa babban yatsa ta ciki daidai ƙarƙashinta ka ɗan tura kaɗan, tsagar za ta buɗe baki rezin ya bi. Kaɗan na ce. Wasu na kunna ashana ko laita ta ciki don su ɗumama wurin. Ƙwararre na yi ya tsira, amma kai da kake farawa ka bar wuta, domin zafi na kumbura gilashi tsagar ta rufe, ka ɗauka ta cika, ya huce ka ga baƙin ya dawo.

Mai kwali irin na sirinji kuwa, zai manna zoben gam a kan ramin, ya ɗora mazaunin sirinjin, ya zuba rezin. Sai ya ja sirinjin sama ya maƙale shi kamar minti goma don ya tsotse iska, ya cire ya bar iska ta shiga, ya mayar ya danna ƙasa ya maƙale kamar minti ashirin. In takardar cikin kwalinka ta faɗi wasu mintoci daban, bi nata.

Kada ka fita rana sai baƙin ya tafi. Rezin in ya daskare ba a sake buɗe shi, dama ɗaya ce.

8. Rufe da leda, ka kai rana, ka kankare

Cire ƙafar mai robobi. Ɗiga rezin ɗigo ɗaya a kan ramin, ka shimfiɗa 'yar ledar a kai ba tare da ka danna da yatsa ba. Bi ta da gefen reza sama-sama don kumfar iska ta fita. Yanzu ka tura motar cikin rana. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa a ranar da gari ya yi tas. In akwai hazon hunturu ko hadari, ba ta sa'a guda. Ɗaga kusurwar ledar ka taɓa da farce, in ya yi tauri ka cire.

Riƙe reza a tsaye cak a kan gilashi, ba a kwance ba, ka kankare abin da ya yi tudu har wurin ya yi daidai da sauran. Reza a kwance na iya tumɓuke rezin daga ramin. In ka shafa ka ji ɗan kwarmi, ƙara ɗigo, leda, rana, ka sake kankarewa. Goge, ka gwada waifa da ruwa ka ga ko tana tsalle a wurin.

Kada ka sa rai tabon zai ɓace ɓat. Ɗan ɗigo mai kamar tabon ruwa zai rage. Abin da ake nema shi ne ƙyallin ya mutu, tsagar ta tsaya.

9. In babu kwalin gyara, ko sai an canja

Ba a samu kwali ba, tabon kuma ƙarami ne can ɓangaren fasinja, ka bar salatif mai garai a kai, ka yanka shi daidai girman tabon, ka kiyaye abubuwan da na faɗa a mataki na farko har kwali ya iso. Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗiga sufa gulu. Yana bushewa fari fat, ya toshe bakin ramin ya bar iska a ciki, daga baya ko rezin ya samu ba shi da hanyar shiga. Man farce ma haka. Tafarnuwar da ake cewa a goga, wari kawai za ta bar maka. Masu huda ƙarshen tsaga ko su ja mata layi da abin yankan gilashi, wannan aikin mai na'ura ne da ya saba, ba na ƙusa da guduma ba. Sitika kuma da ake mannawa a ɓoye tabo, ita ce abin da jami'i zai fara kai wa hannu, ta kuma fi tabon tare hanya.

In canji ya kama, je da kanka wurin saye. Duba kusurwar gilashin, za ka ga tambarin masana'anta da harafin E cikin da'ira, sau da yawa da kalmar Laminated, alamar mai falle biyu ne. Ɗaga shi ka kalli sandar lantarki ta cikinsa kana motsa kai. Sandar ta yi rawa ko ta lanƙwashe, ajiye shi, zai sa ka ciwon kai ya kuma ɓata maka hasashen nisa wurin fakin. Na hannu ba laifi ba ne in gefensa bai ɓantare ba kuma waifa ba ta zane shi ba. Tun kafin a cire tsohon, ka gaya wa mai aikin ya ɓare takardun da ke manne a jiki, musamman ta bizit, a hankali ya ba ka. Na ga gilashi ya tafi juji da takarda a jikinsa, mai mota ya wayi gari yana rantsuwa a shingen jandarma.

Gilashin motocin yanzu da baƙin gam ake kafa shi, kuma yana cikin abin da ke riƙe rufin mota in ta kife. A bar motar ta kwana kafin a hau gargada da ita, a ɗan sauke gilashin ƙofa kaɗan, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a wanke ta kwana biyu.

10. Jajibiri da safiyar gwaji

Da yamma ka juya motar ta fuskanci rana lokacin da ta yi ƙasa, ka zauna a kujerar direba. Tabon da ba ka gani da tsakar rana, yanzu ne zai nuna halinsa. In yana soka maka haske a ido, to gobe da hantsi haka zai yi wa ɗalibi, gara a nemi wata motar tun dare bai yi ba. Wanke gilashi ciki da waje bayan ya huce. Cika tankin ruwan waifa, ka duba robobinta, wadda ta bushe ta tsattsage a canja ta, kuma kada a kunna ta a kan busasshiyar ƙura. Cire carbi da turaren da ke reto a madubi, ka kwashe takardun da ke kan dashbod don suna haskowa a gilashi. Kart giriz, wato takardar rajistar mota, da inshora da takardar bizit su kwana a cikin mota.

Da safe a fito da wuri, a bi kwalta, a sassauta a kan ramuka. A wurin jira a nemi inuwa, in babu a rufa kwali a kan gilashin. In jami'i ya zagaya motar ya nuna wurin da yatsa, kai ɗalibi ka yi shiru, malaminka ne zai amsa, kuma gajeriyar magana ta isa: "Yallaɓai, an cike shi tun makon jiya, bai motsa ba." In ya ce duk da haka ba zai shiga ba, kada a tsaya musu a gaban sauran ɗalibai. A nemi izininsa a kawo wata mota, shi ya sa tun jajibiri mai makaranta zai yi magana da wata makarantar, a san motar da za a ara da lambar wanda ke riƙe da makullinta.